Ƙaho da Aska: Wanzaman Daura da Tafiyar Jini a Jikin Mutum

A manyan kasuwannin ƙasar Daura, irin ta Mai'adua mai ci ranar Lahadi, inda shanu ke shigowa garke-garke daga Nijar, akwai sana'ar da ba ta neman rumfa. Inuwar bishiya da tabarma sun ishe ta. Mai sana'ar zai buɗe zabirarsa, ya fito da aska da 'yan ƙahonin shanu da aka yanke aka goge, kowanne da ɗan rami a tsininsa. Manomin da bayansa ya riƙe zai tuɓe riga ya zauna. Wanzami ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar ciki da baki, ya toshe ramin, ya jira fata ta taso. Sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da bakin aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Can an jima ya ɓamɓare, ya juye abin da ya taru, gudan jini ne baƙi mai kauri. Ya nuna wa mai bayan, ya ce masa ga mataccen jinin da ke damunsa.

Wannan bayani na wanzami ya girme shi, ya girme kakansa, ya ma girme ganuwar Daura. Shi ne abin da manyan likitocin Rum da Bagadaza da Alƙahira da Landan suka yi ta koyarwa na kusan shekara 1,400. A makarantun likitanci an daɗe da rushe shi. A gindin bishiya yana nan da ransa, kuma akwai dalilin da ya sa.

Tarihin baka na Daura ya fara ne da ƙarfe mai kaifi. Maƙeran Gaya aka ce sun ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, kafin ya auri Magajiya Daurama. Daga hannun maƙeri askar wanzami ke fitowa, daga hannun mahauci kuma yake samun ƙaho, saboda haka sana'o'in nan uku sun daɗe suna cin moriyar juna. Wanzanci gado ne. Yaro zai fara da ɗaukar wa ubansa zabira da wasa aska, ya koyi aski a kan 'yan'uwansa, sai hannunsa ya faɗa sannan a bar shi ya taɓa abin da zai fitar da jini. Kamar sauran sana'o'in gargajiya a masarautun ƙasar Hausa, wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, wanda ke tsaya musu a fada, ya raba rigima tsakaninsu.

A da, kowane gida yana da wanzaminsa, kuma zumuncin kan wuce daga uba zuwa ɗa ta ɓangarorin biyu. Ranar suna shi ne zai yi wa jariri askin farko, ya cire belu, ya yi tsagar gado, ya tafi da rabonsa na nama da hatsi da kuɗi. Idan hunturu ya kama, shi ne zai tara yaran unguwa ya yi musu kaciya, ya bi su da garin bagaruwa har su warke. Ƙurji ya nuna, shi zai huda. Wato dai a garin da babu asibiti, duk aikin da ya shafi yanka fatar mutum mai rai a hannunsa yake.

Tsagar fuska kuwa ta samu nauyi na musamman a wannan yanki saboda abin da ya faru a ƙarni na 19. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, daga baya zuriyar tsohuwar sarauta ta kafa mazauni a Zango da Ɓaure. Ƙasar ta zama bakin iyaka tsakanin masarautun da ke bin Sakkwato da kuma Damagaram, ga yaƙi, ga hari, ga kamun bayi. A irin wannan zamani, zanen da ke fuskar mutum shi ne takardar shaidarsa. Yaron da aka sace yana ƙarami, da shi za a gane danginsa bayan shekara ashirin. Mai rubuta wannan takarda kuwa wanzami ne.

Ga ƙaho kuma yana da wani gata da sauran ayyukansa ba su da shi: addini ya san da shi. Hadisai ingantattu sun nuna cewa Annabi (SAW) ya sa an yi masa ƙaho, wani mai suna Abu Ɗaiba ya yi masa, kuma ya biya shi ladan aikinsa. Wasu ruwayoyin sun ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Shugabannin jihadi sun damu da sha'anin lafiya ƙwarai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan maslahar addini da ta jiki, Sultan Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai kan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir. Ta hanyar irin waɗannan littattafai da na Larabci da suka ƙetaro Sahara, ilimin likitancin gabas ya shigo zaurukan malamai, kuma a cikin kayan da ya zo da su akwai tunanin wani Bagirke.

Sunansa Galen, littattafan Larabci suna kiransa Jalinus. An haife shi a shekara ta 129 Miladiyya a Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya fara aiki yana ɗinke raunukan 'yan wasan takobi, ya ƙare yana likitan sarakunan Rum. A ganinsa hanta ce ke sarrafa abinci ta mayar da shi jini, jinin ya malala ta jijiyoyi zuwa gaɓoɓi, nama ya shanye shi, hanta ta sake yin wani. Kamar dai rijiyar Kusugu: ana ɗiba, tana ɓuɓɓugowa, abin da aka ɗiba ba ya komawa. Ya kuma ce akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciya biyu, ta nan jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu. Idan haka jiki yake, to hankali zai karɓi sauran zancen cikin sauƙi. Jini zai iya yin yawa, zai iya taruwa a wuri guda ya kwanta ya lalace, kuma maganinsa a buɗe masa hanya ya fita. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ɗauki mafi yawan wannan tsari ya shigar cikin babban littafinsa na likitanci, aka yi ta karanta shi daga Farisa har jami'o'in Turai.

Wanda ya fara fasa wannan gini Musulmi ne, kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya. Ibn Nafis, haifaffen yankin Dimashƙa a 1213, ya yi aikinsa a asibitocin Alƙahira har ya rasu a 1288. Wajen 1242, a sharhin da ya yi wa sashen halittar jiki na littafin Ibn Sina, ya fito fili ya ce bangon tsakiyar zuciya a toshe yake, babu ƙofa ko ta fili ko ta ɓoye. Jinin da ke ɓangaren dama dole ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Ya yi daidai. Amma maganar ta kwanta cikin takardu ba ta yi tasiri ba, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono rubutun a ɗakin karatu na Berlin ya sanar da duniya. Abin takaici ne cewa ɗalibai da yawa a arewacin Najeriya sun haddace sunan Baturen da ya zo bayansa, ba su taɓa jin nasa ba.

Baturen shi ne William Harvey, ɗan Ingila, wanda ya yi karatu a Padua ta Italiya wajen wani malami mai suna Fabricius. Malamin nan ya bayyana wasu 'yan ƙyamare da ke cikin jijiyoyin hannu da ƙafa, amma bai gane aikinsu ba. Harvey ya gane. Hujjarsa ta farko lissafi ce: ya ƙiyasta jinin da zuciya ke harbawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugun rabin sa'a, sai ya ga adadin ya fi duk jinin da ke jikin mutum. Babu hantar da za ta iya ƙera wannan, babu tuwon da zai isa. Ashe jinin nan guda ne ke zagayawa yana dawowa.

Hujjarsa ta biyu kowane wanzami zai iya gwada ta yau da tsumma. A ɗaure damtse ba da ƙarfi sosai ba, jijiyoyin da ke ƙasa da ɗaurin za su kumbura, na sama su lafa. A danne jijiya ɗaya da yatsa, a share jinin cikinta zuwa sama da wani yatsan, za ta tsaya fayau ba ta cika ba har sai an ɗaga yatsan ƙasa. Jinin waɗannan jijiyoyi hanya ɗaya yake bi, zuwa zuciya, ƙyamaren nan kuma su ke hana shi komawa baya. A 1628 Harvey ya buga ɗan littafinsa mai shafi 72 a Frankfurt. Abu guda ya gagare shi nunawa, wato inda jijiyoyi masu fita suke haɗuwa da masu dawowa. Ya rasu a 1657. Bayan shekara huɗu, a 1661, Marcello Malpighi ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya ga 'yan mitsi-mitsin jijiyoyin da suka fi gashi siranta, su ne mahaɗar.

Ga yadda abin yake. Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu, biyu sama masu karɓa, biyu ƙasa masu harbawa. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya sauke iskar oksijin ya kwaso gurɓatacciyar iska, yana shiga ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, a tura shi huhu. A can yake sauke gurɓatacciyar, ya ɗauki sabuwa, launinsa ya koma ja jawur. Ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa, wanda ya fi kowanne kaurin bango, shi kuma ya harba shi cikin babbar jijiya zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji da ɗan yatsan ƙafa. Sautin nan biyu da likita ke saurare a ƙirji, rufewar ƙyamaren zuciya ne. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, kusan sau 100,000 a yini da kwana. A minti ɗaya tana tura kusan duk jinin jikinsa, a kwana ɗaya kimanin lita 7,000.

To mene ne a cikin ƙahon? Jini ne mai rai, wanda minti ɗaya ko biyu da suka wuce yana cikin zuciya. Zuƙar da wanzami ya yi ta janyo shi daga ƙananan jijiyoyin fata, haɗe da ruwan da ke tsakanin nama. Duhunsa na jinin da ya sauke oksijin ne, irin wanda ake gani a sirinji idan an ɗebi jini a asibiti. Gudajinsa kuwa ɗabi'ar kowane jini ce: da ya bar jijiya, cikin 'yan mintoci yake daskarewa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan ragon layya ya ga haka. Ƙwayoyin jini suna tsufa, wannan gaskiya ne. Jar ƙwaya tana yin kwana 120 ko kusa da haka. Amma ba a gadon baya take zuwa ta mutu ba. Saifa da hanta ke tace tsofaffin, ɓargo kuma yana ƙera sababbi ba dare ba rana.

Duk da haka ba ƙarya manomin yake yi ba idan ya miƙe ya ce ya ji sakayau. Zuƙar ƙaho tana jan fata da tsokar da ta ɗaure, tana ƙara gudun jini a wurin, ga kuma natsuwar da mutum ke samu idan wanda ya yarda da shi ya sa masa hannu. Wasu ƙananan bincike sun nuna ana samun sauƙin ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio, duniya ta ga tabon ƙaho jere a kafaɗar ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps, nasa dai busasshe ne, babu tsaga. Aikin na iya yin amfani alhali bayanin da aka jingina masa kuskure ne. Hadisi ya yabi ƙaho a matsayin magani. Zancen jinin da ke kwanciya ya mutu a wuri guda kuwa tunanin likitocin da ne, ba aƙida ba ce, kuma mai musa shi bai taɓa addini ba.

Kada ma a yi saurin yi wa wanzami dariya, domin Turawan da kansu sun fi shekara 200 bayan Harvey suna zubar da jinin majinyata. A watan Disamba na 1799, George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kwanta da ciwon maƙogwaro, likitocinsa suka ɗebe masa jini fiye da lita 2 cikin ƙasa da kwana ɗaya, ya cika a daren. Sai a 1835 wani likitan Faransa, Pierre Louis, ya ƙirga majinyatan ciwon huhu da aka zubar wa jini da wuri da waɗanda aka jinkirta, ya nuna amfanin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Idan aka kwatanta da masu yanke jijiya su cika kwano, wanzamin Daura mai 'yan tsage-tsagensa a fata ya fi su sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba.

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ci Kano a 1903, suka kuma mayar da zuriyar tsohuwar sarauta kan gadon Daura ta hannun Malam Musa, likitancinsu ya riga ya sake fuska. A 1896 Riva-Rocci ya ƙirƙiro abin ɗaura wa damtse don auna ƙarfin jini, a 1901 Landsteiner ya gano rukunonin jini, a 1905 Korotkoff ya nuna yadda ake sauraren jijiya a fitar da lambobi biyun nan na awo. Amma wannan ilimi a hankali ya iso talaka. Cikin dogon mulkin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, mafi yawan mutanen karkara wanzami da ungozoma da mai saiwa suka sani. A zamanin Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, makarantu da asibitoci suka yawaita, aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, sana'ar ta fara zaizayewa ta kowane gefe. Samari suka koma shagon aski mai inji. Kaciya ta fara komawa asibiti. Tsagar fuska ta zama abin kunya ga 'yan makaranta tun kafin dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta ta. Yau, a zamanin Sarki Umar Faruk Umar, garin yana da babban asibiti, ga kuma na rundunar sojin sama da aka buɗe a 2019.

Ƙaho dai ya ƙi mutuwa. Ya ma sake riga: a biranen arewa akwai shagunan hijama, wato ƙaho, masu kofunan roba da ɗan famfon zuƙa da safar hannu, masu zuwa kuma har da ma'aikata da 'yan boko.

A nan ne tsohon kuskuren Jalinus yake iya kashe mutum. Wanda aka ce masa yana da hawan jini yakan ɗauka jinin ne ya yi masa yawa ya hau kai, sai ya nufi wanzami a kafa masa ƙaho a ƙeya, ya jingine ƙwayoyin asibiti. Alhali cutar ba yawan jini ba ce. Ƙarfin da jini ke matsa bangon jijiyoyi ne ya wuce kima, saboda jijiyoyin sun ƙanƙance ko sun yi tauri, ko ƙoda na riƙe gishiri da ruwa. Gado da shekaru da ƙiba da yawan gishiri da dunƙulen miya duk suna da hannu. Ɗan abin da ƙaho ya fitar, jiki zai mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, jijiyoyin kuma suna nan yadda suke. Zuciya za ta ci gaba da turawa da ƙyar har ta kumbura ta gaji, ko wata jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, domin cutar kan yi shekaru ba ta nuna alama. Awo ne kawai ke tona ta, kuma abin da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama yana neman likita.

Haɗari na biyu yana bakin askar kanta. Tunda jini zagayawa yake, duk abin da ya shiga ta tsaga a baya, ba a baya zai tsaya ba, cikin 'yan mintoci ya isa hanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jini kan ƙarfe, goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Ƙanjamau, wanda aka fara samun rahotonsa a Najeriya a 1986, shi ma ta jini yake bi. Wanzamai da dama sun fahimci wannan, sun koma sabuwar reza ga kowane mutum, kuma sun cancanci yabo. Saura cire belu. Jariri mai kilo 3 duk jinin jikinsa wajen rubu'in lita ne kawai, abin da babba zai zubar bai ko lura ba ya isa ya galabaitar da shi, kuma likitoci ba su ga wata cuta da ɗan naman nan ke jawo wa lafiyayyen yaro ba.

Tun 2004 Najeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara, kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ana so a yi ta farko cikin sa'a 24 da haihuwa. Iyaye a Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'adua su kai jariri a yi masa ita tun kafin ranar suna ta zo, su saya wa wanzami sabuwar reza, su ce masa a bar belun. Dattijon da ke son ƙaho kuma ya fara biyawa ta ɗakin shan magani a auna masa jini, idan an ɗora shi kan ƙwaya ya ci gaba da sha.